Kwana goma sha biyu a Japan da ɗan guzuri: me mutum zai ci?

Auwal Gwale: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san Japan. Wurin aikinmu sun tura ni wani kwas kan harkar ruwan famfo, kwana takwas a Tokyo, huɗu a Osaka. An biya masauki, amma abincin rana da na dare daga cikin ɗan kuɗin guzurin da za a ba ni ne. Ba zan ɓoye muku ba, so nake in rage wani abu in dawo da shi, kuɗin makarantar yara na nan yana jira na. Duk wanda na tambaya sai ya ce Tokyo wuta ce. To nawa mutum zai ci a rana ba tare da ya wulaƙanta ba? Kuma ina Musulmi zai sami abin da zai ci hankalinsa kwance? Ni dai ban taɓa wuce Saudiyya ba.

Baban Khalifa: Katan ɗin Indomie, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sai kilishi na dubu ashirin. An gama. Wa ya aike ka cin ɗanyen kifi?

Alhaji Sani Mai Injin: Kai Baban Khalifa kada ka jefa yaron nan a masifa. Auwal, ka ji ni da kyau: kada ka kuskura ka sa kilishi ko dambun nama a jakarka. Ni ya faru da ni. Zuwana na biyu, uwargida ta haɗo mini kilishi mai kyau, an naɗe shi a takarda an sa a leda uku. Muna jiran kaya sai ga wani ɗan mitsitsin kare da riga a jikinsa, ya zo ya zauna kusa da jakata kamar ya san ni. Shi ke nan. Suka buɗe, suka ɗauke, suka yi ta ba ni haƙuri suna sunkuyawa, amma ko yanki ɗaya ba su bar mini ba. Laifina ne, don an rubuta a takardar da ake cikewa a jirgi, ni ne ban karanta ba. Kuma wancan lokacin da sauƙi. Tun 2020 suka ƙara tsananta dokar, tarar tana iya kaiwa yen miliyan 3, ko ɗaurin shekara uku. Nama kowane iri, busasshe ko dafaffe, ka bar shi a Kano.

Baban Khalifa: Ranku ya daɗe na janye kilishin. Amma karen nan ya ci daɗi ranar.

Auwal Gwale: Alhaji Allah ya saka da alheri, wallahi har na riga na yi wa mai kilishi magana. Yaji fa?

Alhaji Sani Mai Injin: Ni ina tafiya da yajina, kuma ina nuna musu. Duk abin da ka ɗauko na ci ka bayyana shi, su duba su ce e ko a'a. Ɓoyewa ce ke jawo magana.

Hadiza Fukuoka: Wa alaikumus salam Yaya Auwal. Shekarata ta huɗu ke nan a nan ina karatu, bari in faɗi abin da na sani. Da farko batun lissafi. In dala tana wajen yen 150, kuma tana wajen naira 1,500 a gida, to yen ɗaya kusan naira goma ce. Duk farashin da ka gani, ƙara masa sifili ɗaya ka sami kimarsa a naira. Ka dai duba canjin ranar da za ka tashi.

Masu cewa Tokyo wuta ce, masauki da jirgin ƙasa mai gudun tsiya suke nufi, ko kuma sun bi masu yawon buɗe ido sun ci a inda aka tanadar musu. Abinci kam, ma'aikacin Japan yana cin na rana da yen 500 zuwa 1,000, kuma abinci ne mai tsafta da ɗanɗano. Da yen 2,500 zuwa 3,000 a rana za ka ƙoshi sau uku. Ba a ba da tukwici, in ka bar canji a tebur ma biyo ka za a yi da shi a guje. Ruwan sha kyauta ne a gidan abinci, wani wurin har da shayi. Ruwan famfo ana sha, kai da za ka je kwas a kansa ma ka fi ni sani.

Wahalarmu mu ba farashi ba ce. Wahalarmu abin da ke cikin romo ne.

Alhaji Sani Mai Injin: Ɗiyata, araha ba ta ado fa.

Hadiza Fukuoka: Baba Alhaji, a nan kam tana yi. Shagunan nan da suke kira konbini, wato 7-Eleven da Lawson da FamilyMart, galibinsu a buɗe suke dare da rana, kuma kusan kowace kwana akwai ɗaya. Suna sayar da onigiri, curin shinkafa ne mai kusurwa uku da aka naɗe da busasshen ganyen teku, a tsakiyarsa akwai kifi ko wani abu. Yen 150 zuwa 200. Biyu da dafaffen ƙwai da ayaba sun riƙe ka har azahar. Da ya fi haka sauƙi, tsadar shinkafa ce ta ɗaga shi. A 2025 kilo 5 ya haura yen 4,000, har ministan noma ya sauka a watan Mayu saboda ya ce shi bai taɓa sayen shinkafa ba, magoya baya ne ke kawo masa.

Baban Khalifa: Tsaya. Minista ya sauka saboda magana ɗaya? Hadiza faɗi gaskiya.

Hadiza Fukuoka: Wallahi. Taku Eto sunansa, ka bincika.

Baban Khalifa: Allah ya kai mu wannan zamanin.

Malam Nura: Assalamu alaikum. Ina bin maganar, kuma ina so kafin a yi nisa da lissafin yen a tsaya kan abin da Hadiza ta taɓo. Na ji an ce kusan duk girkinsu sai an zuba giya. In haka ne, ai batun araha bai ma taso ba.

Hadiza Fukuoka: Malam, ba duka ba ne, amma da yawa. Abubuwa uku ne. Na farko alade. Taliyar nan tasu da ta yi suna, ramen, garin da nake zaune ma shi ne cibiyar wadda ake kira tonkotsu, ƙashin alade ake dafawa sa'o'i har romon ya yi fari kamar madara. Ko wadda aka ce ta kaza ce sau da yawa akwai yankan alade a kai ko kitsensa a ciki. Taliyar kofi ta kanti ma, har mai hoton kifi da jatan lande, in ka karanta bayanta sai ka ga alade. Miyar kori tasu haka. Na biyu mirin, wani ruwa ne mai zaƙi da ake yi daga shinkafa, na asalin yana da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma da shi da giyar shinkafa ake haɗa yawancin miyar da ke da zaƙi-zaƙi. Na uku shoyu, baƙin ruwan waken soya da ake ɗiga wa kusan komai. Shi tsima shi ake yi na watanni, a cikin tsimin ɗan barasa ke fitowa da kansa, wasu kamfanonin kuma suna ƙara kaɗan don kada ya lalace.

Yaya Auwal ka ajiye waɗannan a wayarka: 豚 alade ne. 酒 giya. みりん mirin. ラード kitsen alade. ゼラチン jelatin. In ka riƙe siffar na farkon nan kaɗai ka tsira daga rabin matsala. Sauran kuma ka ɗora kyamarar Google Translate a bayan leda, tana karantawa.

Malam Nura: To ai kin gama magana da kanki. Abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Hadisi ne sananne.

Dr. Bashir Zariya: Malam Nura, da girmamawa, hadisin ba wanda ke musu a kansa, amma a duba inda ya sauka. Shoyu ko kwalba guda mutum ya shanye ba zai bugu ba, gishirin ne zai kai shi asibiti. Ke nan ba ya cikin abin da mai yawansa ke sa maye. Kunun zaƙi da ya kwana ko furar da ta yi tsami ma in aka auna za a sami ɗan abin. Akwai malaman da suka bambanta tsakanin abin da ya fito da kansa wajen tsima abinci da kuma giyar da aka ɗauko aka zuba da hannu. Mirin na asali kam ni ma ina guje masa, don a dokarsu ma cikin kayan barasa yake. Na yi wata shida a Kyoto, kuma a kan wannan layin na tsaya.

Malam Nura: Likita, kai da bakinka ka ce akwai malaman da suka ce. Akwai kuma waɗanda ba su ce ba. Kuma Hadiza ta ce wasu kamfanonin ƙarawa suke da hannu. Mutumin da zai yi kwana goma sha biyu kacal, me zai sa ya shiga shubuha? Ka bar abin da kake kokwanto zuwa wanda ba ka kokwanto.

Dr. Bashir Zariya: Na yarda, ga wanda zai iya. Sai dai a faɗa masa gaskiya cewa in ya cire shoyu gaba ɗaya, ya cire kusan duk abincin ƙasar, sai dai ya sayi ɗan kwalba mai tambarin halal ya riƙa yawo da shi a aljihu. Akwai shi a shagunan Musulmi, kuma na ga 'yan Malesiya da ke yin haka.

Maman Ilham: Ni dai na ce Auwal ya je wajen malaminsa kafin ya tashi, ya karanta masa abin da Hadiza ta rubuta, ya bi abin da aka ce masa. Kada zauren nan ya koma wajen fatawa, mun san yadda ta ƙare a batun naman Brazil.

Baban Khalifa: Mutum uku suka fita daga zauren nan ranar, har yau biyu ba su dawo ba.

Malam Nura: Ban da niyyar rigima Hajiya. Amma tunda an ambaci nama, shi ma a faɗa. Mutanen nan galibinsu ba ma'abota littafi ba ne, Shinto da Buda suke bi. Yankansu ba ya halatta.

Alhaji Sani Mai Injin: Nan kam ina tare da Malam. Akwai gidajen da ke sayar da shinkafa da naman sa a kai, gyudon, su Yoshinoya da Sukiya da Matsuya. Wajen yen 500 kwano, kafin ka gyara zama an ajiye maka. Abokan harkata na can kullum nan suke ci. Wani ya ce mini ai naman daga Amurka ko Ostareliya ake kawowa, don haka na ma'abota littafi ne. Na ce to wa ya ga yankan? Kuma ruwan da aka dafa shi a ciki fa? Ni ban ci ba. Na zauna na sha ruwan sanyi ina kallon su, ƙamshi na dukan hancina. Ba ƙaramin jihadi ba ne.

Inda nake cin nama shi ne wajen 'yan Pakistan. Akwai wani gari Yashio a jihar Saitama, gefen Tokyo, 'yan Pakistan masu harkar tsofaffin motoci sun taru a can saboda kasuwannin gwanjon mota da ke yankin. Suna da masallaci, suna da gidajen abinci. Biriyani faranti guda sai ka ci ka rage. In na je sayen injina can nake yada zango.

Hadiza Fukuoka: Baba Alhaji, Yashio ta yi wa mai harka a can. Amma in Yaya Auwal ya taso daga tsakiyar Tokyo, kuɗin jirgin zuwa da dawowa sai ya kusa kai kuɗin abincin. Gara unguwar Shin-Okubo a cikin Tokyo, tasha ɗaya ce daga Shinjuku. Akwai wani lungu da ke cike da shagunan halal, ana samun kaza da kayan ƙamshi da abinci dafaffe. A Ueno kuma, kasuwar Ameyoko, akwai masu kebab. Sai dai a lura, gidajen kori na Indiya da ke ko'ina, masu ba da burodin nan mai faɗin faifai a wajen yen 1,000 da rana, da yawansu 'yan Nepal ne ke riƙe da su, ba lallai naman ya zama halal ba. Ka tambaya, ko ka ci na wake da ganye.

Amma ni abin da nake so in ce, kuma na san Baban Khalifa zai yi dariya: kada ka je Japan ka ƙare da cin biriyani da kebab kwana goma sha biyu. Abincin halal mai takardar shaida yakan fi tsada, don baƙi ake yi wa. Abincinsu na asali, shinkafa da kifi da ganye, shi ne mai araha kuma shi ne ya fi kusa da abin da za mu iya ci.

Dr. Bashir Zariya: Wannan gaskiya ne, kuma yana da tarihi. A shekarar 675 sarkinsu Tenmu ya hana cin naman shanu da dawakai da karnuka da birai da kaji a watannin noma, saboda tasirin addinin Buda. Ƙyamar cin naman dabbobin gida ta daɗe kusan shekara 1,200, sai a 1872 sarki Meiji ya ci naman sa aka shelanta wa jama'a. Shi ya sa tushen girkinsu kifi ne da waken soya. Romon da suke kira dashi busasshen kifi ne da ganyen teku kawai. Aladen nan da ya cika ko'ina, daga baya cinsa ya yaɗu. Mu kuma 'yan Malikiyya, Malam Nura zai gyara mini, duk abin da ya fito daga teku halal ne a wurinmu.

Malam Nura: Haka ne. An halatta muku farautar teku da abincinsa, Ma'ida aya ta 96. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. Nan ba mu da saɓani.

Baban Khalifa: Alhamdu lillahi, a rubuta ranar. Malam da Likita sun haɗu a kan ƙaguwa.

Auwal Gwale: Ina karantawa ina rubutawa a littafi. Hadiza, to in kifi ne, wane irin wuri zan shiga, me zan ce?

Hadiza Fukuoka: Nemi abin da ake kira teishoku. Tire ne guda: shinkafa, gasasshen kifi, 'yar miya, da ɗan ganye mai tsami. Ka ce saba shioyaki, wato kifin nan da muke kira titus ko sukumbiya, an gasa shi da gishiri kawai. Wajen yen 900 zuwa 1,200. A gidajen Yayoiken ƙarin shinkafa kyauta ne, da kanka za ka je ka ƙaro. Ka dai duba miyar, in ka ga wancan harafin na alade a sunanta, tonjiru ce, ka ce a bar ta. Da rana kullum ya fi sauƙi, abincin da ake sayarwa yen 1,000 da azahar da dare yana iya ninkawa. Don haka babban cinka ya zama na rana.

Sai sushi, ɗan curin shinkafa da yankan kifi a kai, mai zagayawa a kan bel, su Sushiro da Kura da Hama. Faranti daga wajen yen 120, guda biyu a kai. Ba dole sai ɗanye ba, akwai dafaffen jatan lande, akwai tuna da mayonis, akwai wanda aka babbaka samansa. Faranti takwas sun isa namiji. Ga garin koren shayi a tebur da famfon ruwan zafi, ka yi ta sha. Kana oda a allo, kuma ana iya juya shi zuwa Turanci, ba ruwanka da magana da kowa.

Sai udon, taliya mai kauri, a Marugame ko Hanamaru, ƙaramin kwano bai kai yen 500 ba. Ba alade a romonta na asali, amma yawanci akwai shoyu da mirin, don haka wannan ya danganta da abin da malaminka ya ce.

Dr. Bashir Zariya: Sushin kan bel a Osaka aka fara shi, 1958. Mai shagon ya rasa ma'aikata, sai ya ga yadda kwalabe ke tafiya a kan bel a wata masana'anta, ya kwaikwayo. Auwal, tunda injiniya ne kai, za ka fi kallon bel ɗin fiye da kifin.

Yusufa Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni ma na je sau ɗaya, horo na wata guda kan noman shinkafa. Ga 'yan'uwa masu sefa, yen ɗaya kusan sefa huɗu ce lokacin. Abin da ya cece ni ba gidan abinci ba ne, babban kanti ne da dare. Daga wajen ƙarfe bakwai ko takwas, ma'aikaci na fitowa da sitika yana mannawa a kan abincin da aka dafa ranar. Farko a rage kashi 20, can a rage 30, in an kusa rufewa a manna 半額, rabin kuɗi ke nan. Za ka ga manyan mutane da kwat suna zagaye suna yi kamar suna duba wani abu, alhali mai sitika suke jira. Ni ma na shiga sahu. Tiren sushi na yen 1,000 na sha ɗaukarsa a 500. Ba lalacewa ya yi ba, dokar shagon ce ba ya kwana.

Hadiza Fukuoka: Malam Yusufa ya tona asirin ɗalibai. Hangaku sunansa, shi ke riƙe da mu. Ƙari kuma, in ka saya ka tafi da shi harajin kashi 8 ne, in ka zauna ka ci a wurin kashi 10 ne, tun Oktoban 2019. Ba yawa, amma a sani. Akwai kuma kantunan Gyomu Super, suna da daskararriyar kaza mai tambarin halal da araha, amma wannan sai mai wurin girki.

Maman Ilham: Kazar Brazil ce ko?

Hadiza Fukuoka: Anti na yi shiru.

Yusufa Ɗan Maraɗi: Wani abu da ya ba ni mamaki, akwai wani wake nasu natto. Ranar da aka buɗe shi a gabana na ce wannan ai daddawa ce. Warin ɗaya. Sai dai su ba sa busar da ita, da yauƙinta suke zubawa a kan shinkafa su ci da safe. Fakiti uku wajen yen 100. Turawan da muke tare suka toshe hanci, ni na cinye.

Dr. Bashir Zariya: Ba ka yi kuskure ba, dangin ƙwayar halitta ɗaya ce ke tsima natto da daddawarmu ta kalwa. Kuma suna cin kuɓewa, okura suke ce mata, suna cin lalo ma. Riɗin da suke barbaɗawa a komai kuwa, kusan duk shigo da shi suke, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayar musu. Mai yiwuwa Auwal ya je Tokyo ya ci riɗin Maigatari.

Fati Zongo: Ni daga Kumasi nake bin ku. Ƙanina ya kawo mana cakulan daga can, an rubuta Ghana ɓaro-ɓaro a jan kwali. Mun yi ta dariya, koko namu ya je ya dawo da tsada.

Baban Khalifa: Duk wannan bayani, ni tambayata ɗaya. Garin nan da aka ce Japan ta ba 'yan Najeriya, Auwal zai iya zuwa ya duba mana fili?

Dr. Bashir Zariya: Kisarazu. Ba a ba kowa gari ba. Shirin zumunci ne aka sanar a taron Japan da ƙasashen Afirka, TICAD, na Yokohama a Agustan 2025, aka yi masa mummunar fahimta cewa har da biza ta musamman, jama'arsu suka yi ca, kafin ƙarshen Satumba aka soke shi.

Baban Khalifa: Shi ke nan, na fasa sayar da babur ɗina.

Alhaji Sani Mai Injin: Ku bar wasa, akwai abin da ba a faɗa wa yaron nan ba. Da dare za ka ga ƙananan shaguna masu jar fitila a ƙofa, ƙamshin tsiren kaza na tashi. Izakaya ake ce musu, mashaya ce da ake cin abinci. Wani abokin ciniki ya taɓa ja na ciki. Muna zama aka ajiye mana 'yar tasa da wani abu a ciki, na ɗauka kyauta ce irin ta maraba da baƙo. Ko taɓawa ban yi ba. Da aka kawo lissafi sai ga ta a ciki, yen 400 kowane mutum. Na fara ɗaga murya, abokin ya riƙe hannuna ya ce al'ada ce, otoshi, kuɗin zama ne. Kunya ta ishe ni. Wurin da ma ba namu ba ne, ga asara.

Sannan ka riƙe tsabar kuɗi. Ƙananan shaguna da yawa na'ura ce a bakin ƙofa, ka sa kuɗi ka danna hoton abinci, ta ba ka tikiti ka miƙa wa mai girki. Sun canza takardun kuɗi a Yulin 2024, kuma na ga tsofaffin na'urorin da ke tofo da sababbin. Ka nemi canjin yen 1,000 da sulalla.

Hadiza Fukuoka: Kuma kada ka soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, haka ake yi wa mamaci. In ba ka iya ba ka nemi cokali, ba wanda zai zarge ka. Ba a cin abinci ana tafiya a titi, kuma kwandon shara wuya yake, ka riƙe leda a jaka. Juma'a ka je Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara, masallacin Turkawa ne, akwai shagon halal a jikinsa. In kana Osaka kuma, Kobe ba ta kai tafiyar minti 40 a jirgi ba, can ne masallacin da aka gina a 1935, wanda ya tsira daga bama-baman yaƙin duniya da girgizar ƙasar 1995. A kewayensa ma akwai abincin Musulmi.

Osaka dai ka yi hattara da aljihunka. Su da kansu suna da kalma, kuidaore, wato ci har ka tsiyace. Takoyaki kamar ƙosai yake a ido, da yankan octopus, halittar nan ta teku mai hannu takwas, a ciki, ka ɗanɗana sau ɗaya, amma ka ce a sa gishiri maimakon miyar. Okonomiyaki, wata faffaɗar waina mai kabeji, yawanci da alade ake yi. A Dotonbori, unguwar masu yawon buɗe ido, ka ɗauki hoto ka wuce, ka ci a lungun baya.

Malam Nura: Allah ya kai ka lafiya Auwal. Ni dai ina nan kan bakata game da shoyun.

Dr. Bashir Zariya: Ni ma haka Malam.

Auwal Gwale: Jama'a salamu alaikum daga Tokyo, yau kwana shida. Na je wajen malaminmu kafin in taso kamar yadda Hajiya ta ce, ya ce in guji wanda aka zuba da hannu in na sani, sauran kuma kada in tsananta wa kaina da bincike. Malam Nura a yi mini afuwa.

Lissafi: ranar farko na kashe yen 4,200 saboda tsoro ya sa na shiga gidan da ke da tambarin halal a kusa da masauki. Daga nan ban sake wuce 2,600 ba. Jiya 1,900, don na bi mai sitika. Malam Yusufa, na tsaya kusa da firjin madara ina yi kamar ina karanta kwali har minti ashirin, wata tsohuwa tana gefena tana irin abin da nake yi, muka haɗa ido muka yi dariya.

Abu ɗaya ya kusa sa ni zubar da abinci. Na sayi onigiri, na tambayi yaron shagon me ke ciki, ya ce sake. Na ajiye da sauri. Ashe sunan kifin salmon ke nan, furucinsu ɗaya da giya, rubutun ne daban. Hadiza ba ki faɗa mini wannan ba.

Natto kuwa na ci. Na barbaɗa masa yajina, abokin kwas ɗina ɗan Kenya ya tashi ya canza tebur.

Hadiza Fukuoka: Yaya ka yafe ni, na manta. 鮭 shi ne kifin, yana da alamar kifi a gefen hagu. Ledar onigirin fa, ka iya buɗewa?

Auwal Gwale: Kwana uku ina yaga ta ta tsakiya, ganyen na zubewa gefe, ina cin shinkafar tsirara. Sai shekaranjiya na lura an rubuta 1, 2, 3 a jiki.

Baban Khalifa: Injiniya guda.

Auwal Gwale: Jibi za mu wuce Osaka. An ce abincin kwali da ake sayarwa a tashar jirgin ƙasa ya haura yen 1,000, gaskiya ne?

Yusufa Ɗan Maraɗi: Gaskiya ne. Sayi naka a konbini kafin ka shiga tasha. A cikin wannan jirgin ana cin abinci, akwai ɗan tebur a bayan kujera. Ka nemi kujerar taga ta hannun dama, in gari ya yi haske za ka ga dutsen Fuji.